Motar Tantabarun Baba

Mai gwajin motoci ya fito daga ramin da ke ƙarƙashin motar yana goge hannu da tsumma, fuskarsa kamar ta likitan da ya yanke wa majiyyaci wata uku, sai ga shi sun haɗu a kasuwa bayan shekara goma.

"Ta ci gwaji," in ji shi. "Kada ki tambaye ni yadda aka yi. Taki ce, Madam?"

"Ta babana ce."

"To ki gaishe shi. Ya iya riƙon mota."

"Ya rasu."

"Ayya, sannu." Ya leƙa ta gilashin baya, ya ja hanci. "Ɗan tantabara ne ko, mai kiwonsu?"

"Da me ka gane?"

"Haka motar kawuna take wari. Matarsa ta ce masa ko ita ko su. Yanzu yana da guda tamanin."

Lutgart Van Gorp ba ta yi dariya ba. Shekarunta hamsin da huɗu, malamar lissafi ce a wata sakandare a Oudenaarde, kuma hutun kwana ɗaya tak ta ɗauka don ta rabu da wannan mota. Gobe da ƙarfe tara na safe za a miƙa mukullan gidan mahaifinta ga ma'auratan da suka saya, lauya kuwa ya ja layi biyu a ƙarƙashin inda aka ce garejin ya zama fayau. An kwashe kujeru, an raba kwanuka, an ƙone tsofaffin takardu. Su kuwa tantabaru, tun mahaifin nata, marigayi Staf, yana da rai ya tanadar musu makoma. Shafi huɗu ya cika da hannunsa, kowace tsuntsuwa da lambarta da sunan wanda zai karɓe ta da irin hatsin da ba ta so. 'Ya'yansa biyu layi ɗaya suka samu: su raba sauran daidai, kada su yi faɗa. Motar ce kaɗai ta rage, doguwa, ruwan toka, mai shan dizal, shekara ashirin da uku a duniya, kilomita dubu ɗari huɗu da goma sha biyu a agogonta.

A taga ta biya, aka ba ta takardun, har da takardar kilomita wadda ba a sayar da mota sai da ita. Duk ranar da motar ta shiga gareji, bakanike ya rubuta kwanan wata da abin da agogo ya nuna, ga su nan a jere tun daga ranar farko. Lut ta fitar da motar ta tsaya a filin ajiye motoci, ta sa tabarau. Ba don tana neman wani abu ba. Shekara talatin tana gyara takardun jarrabawa, ba ta iya ganin lambobi a jere ta wuce ba ta duba ba.

Ta daɗe da sanin motar ta ci hanya. Ta ɗauka tun zamanin da Staf yake zuwa aiki tashar jiragen ruwa ta Antwerp ne, safe da yamma. Sai ta ɗora yatsa a kan shekarar da aka sa masa ɗan bututu a jijiyar zuciya, shekara tara ke nan. Dubu ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Ta sauko da yatsan zuwa ƙasan takardar. Ta ɗebe, ta raba. Dubu goma sha tara a kowace shekara.

A waccan shekarar ce, ranar Kirsimeti, ana cikin cin abinci, Staf ya ajiye cokali ya yi sanarwa. Likita ya hana shi hawa babban titi. Daga gida zuwa gidan burodi, zuwa ƙungiyar 'yan tantabara, zuwa kabarin uwarsu, iyakarsa ke nan. Duka zagayen kilomita uku ne. Lut ta sake rabawa a gefen takardar. Idan gaskiya ya faɗa, to sau goma sha bakwai yake ziyartar kabarin matarsa kowace rana, mutumin da tana da rai bai taɓa raka ta ko wurin likitan haƙori ba.

Ta yarda da shi a lokacin, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ba yarda kawai ba, har lauyarsa ta zama. Ranar da 'yarta Tinne ta gama jami'a bai zo ba, Lut ta ce a bar tsoho da ciwonsa. Shekara huɗu da suka wuce aka cire wa Lut nono saboda ciwon daji, ta yi wata bakwai a gida, gashi ya zube, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Staf yana bugo waya duk Lahadi, minti huɗu, biyu daga ciki a kan ruwan sama. Mijinta Wim ya ce ai akwai jirgin ƙasa, akwai kuma ƙanenta mai mota. Ta tashi daga kan gado da sandar ƙarin ruwa a hannu ta ce masa ba shi da tausayi, ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Ta kira ƙanen nata.

"Lut, ina tare da masu sayen kaya," in ji Geert.

"Su sayi haƙuri. Ina Baba yake zuwa da motar nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin wadda ake amsawa. Dubu goma sha tara a shekara, Geert. Kai da kake minti goma da gidansa."

Ta ji an rufe ƙofa, hayaniyar kantin ta ɗauke.

"Yana ɗan fita."

"Yana ɗan fita. Da wannan ɗan fitar ya zagaya duniya sau huɗu."

"Ke dai kin san Baba."

"Yau nake fara saninsa. Mace ce?"

"Wace mace za ta shiga motar nan? Ki dai shaƙa."

"To ina?"

"Harkar tsuntsayensa ce. Ni ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, shi ya sa muka zauna lafiya."

"Ka san yana hawa babban titi."

"Lut, mutumin nan yana ƙasa. Me za ki yi masa yanzu, ki ba shi sifiri?"

"Ina kwance ina amai kana zuwa kana gaya mini Baba yana gaishe ni, da ma yana iya tuƙi. Da bakinka."

"Me kike so in ce miki a lokacin?"

"Ka yi shiru mana. Ai ka iya."

Ya ja numfashi irin na mutumin da ya saba mata su yi masa faɗa ya jira su gaji. "Ki saurara. Fons, abokin Baba, ya kira ni jiya. Ya ce ya bar miki saƙo sau uku. Baba ya yi masa alkawarin motar, har sun yi ciniki, dubu ɗaya da ɗari biyu. Babu wanda zai ba ki rabin haka."

"Ba ya cikin shafi huɗun."

"Da baki ya faɗa."

"Na ga darajar abin da yake faɗa da baki. Ƙarfe biyu mai janwe zai zo. Ko a niƙa ta, ko a loda ta a jirgin ruwa, ko a yi akurkin kaji da ita. Ɗan tantabara dai ba zai sake zama a kujerar nan ba."

"Rabin motar nawa ne, kin sani."

"To zo ka ɗauki rabinka. Ka taho da zarto."

Ta kashe wayar. Motar ta tashi da murzawa ɗaya, babu tari babu gardama, wannan ma ya ƙara mata haushi.

Ƙauyen mahaifinta yana bayan Lier, inda gonakin masara suke ƙarewa gidajen jan bulo su fara. Ta tsaya da motar a bakin garejin, ta zauna a kan matakalar ƙofa ta ci burodi da cukun da Wim ya naɗe mata, tana kallon abin da za ta sayar. Staf ya cire kujerun baya tun da daɗewa, ya ƙera katakai hawa biyu inda kwandunan tantabaru suke shiga daidai, kowane da maɗaurinsa. Ya huda ƙananan ramuka a gefe don iska, ya shimfiɗa roba a ƙasa, ya ɗaura ɗan fanka. Aiki ne mai kyau, na mutumin da ya zauna ya yi tunanin abin da fasinja yake buƙata. Ita kuwa tun tana yarinya ƙofar ɗakinta ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa, har ta yi aure ana cewa za a gyara ranar Asabar.

Mai janwen ya iso biyu da kwata. Katinsa ta tsinta a maƙale a gilashin motar ranar jana'iza, a ƙofar coci, don wasu mutane ba sa wasa da sana'arsu. Rudi sunansa, gajere, mai tumbi, da sarƙar zinariya da ta nutse a wuya. Ya zagaya motar sau biyu yana kaɗa kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Kai, Madam. Kai, kai."

"Ta ci gwaji yau da safe."

"Gwaji ai kowa yana ci. Ni ma na ci jarrabawar firamare." Ya buga taya da ƙafa, ya buɗe murfin inji, ya zaro sandar mai ya dube ta, ya mayar da sauri don ta yi tsabta fiye da yadda ya so. "Dubu ɗari huɗu. Wannan ai ba mota ba ce, kaka ce. Manyan birane sun hana irinta shiga. Wa zan sayar wa? Sai dai a fasa a ɗebi abin da ya ɗebu."

"A waya ka ce ɗari bakwai."

"A waya ba a jin wari." Ya buɗe ƙofar baya ya ja da baya yana fifita da hannu. "Ina kujerun?"

"Ka tambayi tantabaru."

"Ɗari biyar. Don ke ce, kuma don na ga kina cikin rashi."

"Allah ya saka da alheri. Kullum haka kake tausayin marayu?"

"Madam, ni mai gaskiya ne, shi ya sa ban yi arziki ba."

Lut ta dubi sarƙar. Ta san zaluntarta yake, kuma abin mamaki hakan ya yi mata daɗi. So take a wulaƙanta motar. So take a ɗaure ta da sarƙa a ja ta ta tsakiyar ƙauyen, ta gaban gidan burodi, ta gaban ƙungiyar, kowa ya leƙo ta labule ya gani.

"Kawo takardar," ta ce.

Rudi ya tafi gaban janwensa neman takardar ciniki. A daidai nan aka ji ƙarar birkin keke. Fons Wuyts ne, abokin Staf tun suna gajeren wando, shekara saba'in da takwas, dogo, siriri, da hular da ta fi motar tsufa da maƙalin ƙarfe a ƙafar wando. Ya jingine keken a bango a hankali. Ya dubi janwen, ya dubi motar, ya cire hula.

"Lutgart, 'yata."

"Kawu Fons."

"Na bar miki saƙo."

"Na ji."

"Ga kuɗin a aljihuna, yadda muka yi da babanki. Ni ba ni da mota tun da tawa ta mutu, kin sani. Ya bar mini tsuntsaye goma sha huɗu, matasa ne, ba su gama koyon hanya ba. Ba zan kai su a keke ba."

"Kai su ina?"

"Horo mana."

Ta miƙa masa takardar kilomita. Ya riƙe ta nesa da ido, ya karanta har ƙasa, ya gyaɗa kai da alfahari kamar an nuna masa sakamakon jikansa.

"Ba ta taɓa barin mu a hanya ba. Ko sau ɗaya."

"Ku?"

"Ni da shi. Shi da tuƙi, ni da filas ɗin gahawa."

"A babban titi."

Fons ya juya hular a hannunsa. Sai yanzu ya fara gane cewa ba yabon motar ake yi ba.

"Ai likitan cewa ya yi ya rage, wata shida. Bayan nan ya sake shi."

"Ina kuke zuwa, Kawu?"

"Kin san harkar. Motar ƙungiya tana kai su Faransa ranar tsere, amma wanda yake son ya ci sai ya horar da nasa da kansa. A fara da kilomita goma, a je talatin, a je sittin. Kullum kudu maso yamma, ta inda za su dawo. Idan sun ƙware sai a kai su casa'in, a nan ake tsayawa. Laraba da Asabar, daga Maris zuwa Satumba. Wani lokaci mu tsallaka iyaka."

Lut ta yi shekara ashirin da shida tana bin hanyar da ke tsakanin gidanta da wannan ƙofa. Ba ta buƙatar taswira.

"Casa'in," ta ce. "A ina?"

"To, shi ne abin da nake so ki sani, don ya sanyaya miki rai." Ya matso, ya rage murya. "Gonar nan da ke bayan gidanki, bayan dogayen bishiyoyi. Inda hanyar tarakta ta ƙare. Babu wayar lantarki, babu shaho, fili a buɗe. Babanki ne ya gano wurin ranar da kuka tare. Ya ce duk ƙasar nan babu wurin saki kamarsa."

Ta san gonar. Daga tagar kicin ɗinta ake ganinta. A watannin nan bakwai ta sha zama a wurin da bargo a kafaɗa, da safe, ta ga garken tantabaru ya tashi daga bayan bishiyoyin, ya yi zagaye biyu, ya miƙe arewa. Har takan ce wa Wim sun tuna mata da Baba, Allah sarki, yana can shi kaɗai ba ya iya zuwa ko'ina.

"Mita nawa ne daga nan zuwa ƙofata?"

"Ba zai wuce ɗari biyu ba."

"Shekara tara."

"Har da 'yan kai."

"Ba ku taɓa jin fitsari ba? Tsofaffi biyu da filas ɗin gahawa?"

"Akwai shinge," in ji Fons, don shi mutum ne da ba ya ƙarya ko da ta dace.

Rudi ya dawo da takarda da biro. Ya dubi fuskokinsu, ya ga ba a gama ba, ya jingina da motar ya ciro sigari.

"Ni na sha gaya masa," Fons ya ci gaba. "Wallahi kusan duk zuwa. In ce Staf, mu shiga mu gai da yarinya, ko minti goma. Sai ya dubi agogo. Kin san suna yin casa'in ɗin nan a sa'a ɗaya da 'yan mintoci, idan iska tana bayansu. Dole mu riga su. Ya ce tsuntsun da ya dawo gida ya tarar babu mai jiransa, gobe ba zai yi sauri ba."

"Haka ya ce?"

"Kullum. Kuma gaskiyarsa ce, duk ɗan tantabara ya san haka."

Ta ce, "Lokacin da nake kwance fa?"

"A wannan shekarar yakan taka har bakin shinge kafin mu saki. Ya duba labulen kicin. Idan a buɗe yake sai ya dawo ya ce, ta tashi. Shi ke nan sai mu buɗe kwanduna."

"Idan a rufe yake?"

"Sai ya yi shiru har gida."

"Amma kuna saki."

"To ai an riga an kawo su."

Fons yana kallonta da fatan ya ga ta yi laushi. Ya kawo mata kyauta ne a ganinsa, ya ɗauko ta tun daga jana'iza yana jiran ranar bayarwa.

"Wato ƙirga ni yake yi," in ji ta. "Ta shiga akurki, ba ta shiga ba."

"Ba haka ba ne, 'yata. Babanki ba ya iya kallon mai ciwo. Tun na uwarki. Ko tsuntsuwa ce ta kwanta, ba ya shiga ɗakin, ni yake kira in zo in murɗe mata wuya."

"To na gode da bai turo ka ba."

Rudi ya sarƙe da hayaƙi, ya yi tari, ya mai da fuska gefe.

Ta karɓi biron daga hannunsa. Ta ɗora takardar a kan murfin injin. Fons bai roƙe ta ba. Ya mai da hularsa, ya ɗora tafin hannu a kan rufin motar kamar yadda ake dafa kafaɗar wanda za a shiga da shi tiyata, ya tsaya haka. Ta rubuta sunanta, ta rubuta adireshi. Ta zo wurin kuɗi ta ga Rudi ya riga ya cike.

"Ɗari huɗu da hamsin?"

"Katakan nan, Madam. Sai na biya wanda zai ɓamɓare su, ga kuɗin zubar da shara. Ni ma ban so ba."

Tun safe Lut take yawo da fushi a hannu ba ta da inda za ta ajiye shi. Mai shi ya mutu, Geert ya ɓuya a bayan waya, Fons ya tsufa da yawa kuma yana da kirki, wanda ya fi komai ban haushi. Sai ga Allah ya kawo mata mai rai, lafiyayye, da sarƙar zinariya.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙata ba ko a aji. Ta gaya masa a waya ɗari bakwai, a ƙofa ɗari biyar, a takarda ɗari huɗu da hamsin, idan ta tsaya shan ruwa ita za ta biya shi. Ta ce mutumin da yake bin gawa zuwa coci yana liƙa kati, ungulu ma ta fi shi kunya, don ita takan jira a watse. Ta ce injin da ya zaro sandarsa ya mayar da sauri, ta gan shi, ya san zai ƙara kilomita dubu ɗari biyu, kuma ya san wanda zai sayar wa kafin ya fito gida. Ta ce katakan da yake kira shara an auna su da ma'auni, babu ƙusa ɗaya da ta karkace, abin da shi bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Da ta ji kanta tana yabon aikin Staf sai ta ƙara harzuƙa, ta koma kan tumbinsa.

"Madam, ba a zagi a ciniki."

"An gama ciniki. Yanzu zagi ake."

"Ɗari shida, don a rabu lafiya."

Ta yaga takardar gida huɗu ta sa masa a aljihun riga, ta soka biron a kai.

"Kin ɓata mini mai da lokaci," in ji shi yana hawa janwen. "Duk danginku haka kuke?"

"A'a. Sauran ba sa magana."

Janwen ya yi ribas ya taka furannin maƙwabta ya tafi. Labulen gidan da ke kallonsu ya motsa ya koma. Titin ya yi tsit, sai kukan tantabaru daga wani rufi can nesa.

Lut ta tsaya tana huci. Babu abin da ya canza, garejin dai dole ya zama fayau kafin tara, motar kuma ga ta nan. Fons ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da ambulan, ya riƙe shi bai miƙa ba.

"Idan ba kya so, ba komai," ya ce. "Zan roƙi wani ya riƙa ɗaukar mini su."

"Ban yafe masa ba, Kawu. Kada ka je ƙungiya ka ce na yi kuka na yafe."

"Ba zan ce ba."

"Kai ma ban yafe maka ba. Da ƙafafunka. Shi ne ba ya iya kallon mai ciwo, kai me ya hana ka?"

Fons ya sunkuyar da kai. Ya dubi takalmansa. "Shi ke da mukulli," ya ce daga baya, shi kansa ya ji amsar ba ta kai ba.

Ta karɓi ambulan ɗin ba ta buɗe ba. Ta tattara takardar gwaji da ta kilomita da littafin gareji mai cike da hatimai, ta dunƙule su ta tura masa a ƙirji. Mukullin ta riƙe.

"Can za ka ci gaba da kai su?"

"Idan ba ki hana ba." Ya gyara hularsa. "Nisan daidai yake, kin gane. Kuma sun saba da wurin."

"Laraba."

"Da Asabar."

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas muke saki. Nake saki."

"To ka saurare ni da kyau, don ba na maimaita darasi. Daga tagata ana ganin bakin hanyar taraktan nan, yanzu kuma na san abin da zan duba. Duk ranar da na hango motar nan a bakin gonar, ka buɗe kwandunanka ka juya ba ka zo ka danna ƙararrawata ba, zan fito da wuƙar yankan burodi in farke tayoyin nan huɗu. Ranar Laraba ina makaranta, amma Wim yana gida, shi ma zan bar masa wuƙar. Za ka shigo, za ka zauna, za ka sha gahawa a kofi kamar mutum, ko ina da lafiya ko ba ni da ita, ko labule a buɗe ko a rufe."

Fons ya dubi mukullin, ya dubi sama ta wajen kudu maso yamma, leɓunansa suna motsi. Lissafi yake yi, ta gani, kuma ta san amsar kafin ya gama.

"Lutgart, za su riga ni isa gida."

Ta sa masa mukullin a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Su jira," in ji ta.